Baka uku na karya cikin wata biyu, a ina nake kuskure?

Auwal Kafinta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni kafinta ne, shekarata 11 ina aikin ƙofa da gado da kabad. Tun rasuwar kakana na wajen uwa nake son in sassaƙa baka irin nasa, domin nasa ya salwanta wajen kwashe kayan ɗakinsa, ko kwarin ban samu ba. Daga Disamba zuwa yau na yi guda uku, duk sun karye.

Na farko katako na sayo a 'yan katako, na tsaga shi da inji, tsawon ƙafa 5. Ina ɗaura masa igiya, ban ja ya kai kamu ɗaya ba ya tsage daga baya, tsagar ta bi shi a karkace har gefe. Na biyu reshen darbejiya ne, na fere shi ta ko'ina har ya yi sumul, ya karye daidai wurin wani ƙulli. Na uku shi ya fi ci mini rai. Magarya ce mai kyau, na shanya ta a kan kwano mako biyu, na sassaƙa, na harba kibiya ta fi 20 da shi. Ran nan da asuba, ana sanyin nan, na ja shi sau ɗaya ya karye taƙi guda sama da mariƙi, har ya fasa mini leɓe.

Don Allah duk wanda ya san aikin nan ya taimake ni.

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Malam Auwal. Ni a Ingila nake zaune, ina cikin ƙungiyar masu harbi da baka a garinmu, kuma na sassaƙa guda shida da hannuna, biyu sun karye. Daga bayaninka, kowane ɗaya da abin da ya kashe shi.

Baka yana da baya da ciki. Baya shi ne gefen da ke kallon abin harbi, ciki shi ne wanda ke kallonka. In ka ja, bayan miƙewa yake yi kamar igiyar guga, cikin kuma matsewa yake yi. Duk inda ka yanke jijiyar itace a baya, nan zai ɗago ya fashe. Injin da ya tsaga katakonka bai san jijiya ba, layinsa kawai yake bi, shi ya sa tsagar ta tafi a karkace: jijiyar ce ta fita ta gefe. Darbejiyar kuma da hannunka ka yanke mata baya da ka fere ta ko'ina. Magaryar, ina zargin wurin da ta karye ya fi sauran siranta. Duba guntayen ka faɗa mana.

Auwal Kafinta:
Wallahi haka ne. Yanzu na auna. Wurin ya gaza sauran da kusan kaurin farce biyu. A nan ne gizago ya ɗan nutse mini, sai na goge wurin don ya ɓace.

Jikan Sarkin Baka:
Salam. Na karanta wa kakana wannan magana, shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, ya haura 80, ido ya yi rauni amma kunne da hankali ras. Ya ce in rubuta muku abin da zai faɗa, ni hannu ne kawai.

Baba ya ce a gaida Auwalu, a ce masa tun a kan kwano ya kashe magaryar. Itacen baka ba ya shan rana. Su in sun saro, a inuwa suke ajiye shi da ɓawonsa, su shafe bakin sara biyun da kakin zuma don kada ya tsattsage, su rataye shi a saman ɗakin girki inda hayaƙi ke wucewa amma wuta ba ta kai. Hayaƙin ke hana ƙwaron nan mai huda itace yana zubo gari. Wanda aka saro da kaka, sai bazara ake taɓa shi. Ya ce shi bai taɓa sassaƙa itacen da bai yi wata biyar a rataye ba.

Itace kuma, ya ce dargaza ce ta farko a wurinsa, sai ɗunɗu, sai gora mai cikakken ciki in an samu. Magarya da kurna suna yi. Darbejiya baƙuwa ce, iyayensu ba su san ta a wannan aiki ba. Kuma ba reshe ake nema ba, matashin itace ake nema wanda ya tashi daga ƙasa a miƙe a cikin duhuwa, yana neman rana, domin irinsa ba ya yawan ƙulli. Kaurinsa kamar wuyan hannun yaro.

Abu Yasir:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar busarwa babu ja a kanta. Amma ina so Malam Auwal ya fara da ma'auni a rubuce, domin shi kafinta ne, tef da fensir su ne idonsa. Ga yadda muke shata shi a nan.

Ka fara sanin tsawon janka, wato nisan da kake jan tsarkiya. Yawancin maza inci 28 ne, wato kamar santimita 71. Tsawon baka ya zama ninki biyu na wannan, ka ƙara inci 10 zuwa 12 saboda mariƙi, ka ga ya kama inci 66 zuwa 68. Ka ja layin tsakiya daga kai zuwa kai. Mariƙi inci 4 a tsakiya. Faɗin kowane ɓari kusan inci 2 daga mariƙi har rabinsa, daga nan ya riƙa tsukewa har ya koma rabin inci a kai. Cikin ya zama shimfiɗaɗɗe, ba zagayayye ba. Dogo mai faɗi shi ne mai yafe kuskuren ɗan koyo.

Jikan Sarkin Baka:
Baba ya ce wannan baka na fili ne. Ya ce a tambayi Abu Yasir yadda mutum zai kutsa sarƙaƙiya a durƙushe da itace mai tsawon mutum. Nasu daga ƙasa zuwa ƙirjin mai shi ne, in ya yi tsawo ya kai haɓa. Zagayayye ne, tsakiyarsa kamar babban yatsan ƙafa, kawunansa kamar ƙaramin yatsan hannu. Kuma ba sa ja har kunne. Gada da zomo da zabo a taku 15 ko 20 ake harbinsu, aikin maharbi shi ne ya matso, ba ya jefa kibiya bayan gari ba.

Abu Yasir:
Ina girmama wannan ƙwarai. Amma zagayayyen itace duk wahalar tana taruwa ne a kan siririn layi ɗaya a baya da siririn layi ɗaya a ciki. Ga wanda ya karya uku, ina ganin hatsari ne.

Malamin Kimiyya:
Ku ba ni dama in shiga tsakani, domin ina ganin kowannenku yana da gaskiya a muhallinsa. Abu Yasir, lissafinka na itatuwa masu sauƙin nauyi ne da kuma dogon ja. Itace mara nauyi dole a ba shi faɗi don a raba masa wahala. Ɗunɗu da dargaza kuwa masu nauyi ne, jijiyarsu a cushe take, suna ɗaukar matsi a ƙaramin wuri. Sannan in jan bai wuce inci 20 zuwa 22 ba, baka mai inci 50 bai wahala fiye da mai inci 66 da ake ja 28 ba. Tsarin Baba a daidaite yake da kansa: gajeren baka, gajeren ja, itace mai tauri, kibiya mara nauyi. Matsala tana zuwa ne in mutum ya ɗauki gajeren bakan Baba ya ja shi jan Abu Yasir. Malam Auwal, magaryar nan nawa ne tsawonta, kuma har ina ka ja ta?

Auwal Kafinta:
Ƙafa 4 da rabi. Har gefen baki nake ja, yadda na ga ana yi a bidiyo.

Malamin Kimiyya:
To ka ga abu uku sun haɗu a kanta: gajarta, wuri mai rauni, da bushewar hunturu. Wannan na ƙarshen mutane ba sa lura da shi. Itacen baka yana son ɗan damshi a jikinsa, kamar kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. A Kano ko Katsina cikin Janairu da Fabrairu damshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, itace ya bushe ƙayau fiye da kima. Ƙarfinsa yana ƙaruwa, amma juriyar miƙewa tana raguwa, sai ya karye kamar karan dawa. Kai kafinta ne, ka san yadda ƙofar da ta cije da damina take sakin jiki da hunturu. Masu bidiyon da kake kallo matsalarsu damshi ne, kai taka matsalar akasin tasu ce.

Ga kuma wani lissafi da nake so kowa ya riƙe. In ka ninka faɗin itace, ƙarfinsa ninki biyu yake yi. In ka ninka kaurinsa, ninki takwas yake yi. Ma'ana, in ka rage kashi 10 cikin 100 na kauri a wuri ɗaya, wurin ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na taurinsa. Kaurin farce biyun nan da ka goge ba ƙaramin abu ba ne. Duk lanƙwasar da ya kamata ɓarin gaba ɗaya ya raba, sai ta taru a nan kamar gwiwa.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu abin da munka taras ya ɗan bambanta da na Baba. Mahaifina tun iccen yana ɗanye yake ɓare shi, ya rage mai nauyi da gizago sama-sama, sannan ya ɗaure shi jikin azara miƙaƙƙa da igiyar rama wuri huɗu ko biyar, ya bar shi cikin ɗaki. Haka ya fi saurin bushewa, wata biyu ya isa, kuma ba ya murɗewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ai ba a banza anka faɗe ta ba. Kawunan ma a lokacin yake ɗan karkata su gaba, ya shafa man shanu ya gasa bisa garwashi, ba harshen wuta ba, ya danna a gwiwa ya riƙe har ya huce.

Jikan Sarkin Baka:
Baba ya ce ya san wannan hanya, abokinsa na Gobir haka yake yi, kuma bakansa ba ya da laifi. Abin da ya sa shi yake barin ɓawo, iskarmu tana da zafin bushewa, itacen da aka ɓare ɗanye yakan yi ƙananan tsaga a baya. In za a ɓare, a shafe shi da man kaɗe nan take. Maganar gasa kawuna kuma ya ce Auwalu ya bar ta tukuna sai baka na biyu ko na uku da ya rayu a hannunsa.

Malamin Kimiyya:
Hanyar sanin ya bushe ba tare da na'ura ba: ka ɗora shi a sikelin masu awo duk bayan kwana uku ka rubuta a jikin bango. Ranar da ya yi mako biyu nauyin bai sauka ba, ya gama.

Auwal Kafinta:
Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ja da ranka, abin da ban gane ba shi ne shatawa. Ni na saba da katako mai kusurwa huɗu. Itace zagayayye mai ɗan karkata, ta ina zan san baya, ta ina zan ja layi?

Jikan Sarkin Baka:
Wannan tambaya ta yi wa Baba daɗi, har ya sa na ɗauko masa tsohon bakansa daga bayan tukunya yana shafawa yana bayani. Zan rubuta a hankali.

Ya ce ka dafa gindin itacen a ƙasa, ka riƙe kan da hannun hagu, ka danna tsakiya da dama kana jujjuya shi. Akwai gefen da zai ba ka da sauƙi, akwai gefen da zai yi maka gardama. Ka duba kuma gefen da ya fi tsabta, babu ƙulli babu tabon ƙwaro. Wannan tsabtataccen gefen shi ne baya. In Allah ya sa itacen ya ɗan rankwafa ta wannan gefen, ka yi sa'a, domin za ka ɗaure shi ne saɓanin rankwafawarsa, ya fi saurin kibiya. Daga ranar da ka zaɓi baya, wuƙa ba ta ƙara hawa kansa sai don cire ɓawo, shi ma da bayan wuƙa, kada ka ci farin naman itacen. In akwai ɗan ƙulli a bayan, kada ka daddatse shi ya yi daidai da sauran. Ka bar masa tudunsa, ka ma bar masa ƙarin nama a gefe da gefe, domin jijiya zagaye ƙulli take yi kamar ruwa ya tarar da dutse.

Tsakiya kuma da zare ake nemanta. Ka auna zare daidai tsawon itacen, ka ninka shi biyu, inda ya tsaya nan ne tsakiya, ka sa gawayi. Ka kama da hannunka, yatsa ɗaya sama da alamar, uku ƙasa da ita, ka shata sama da ƙasan hannun. Wannan mariƙi ne, kibiya a kan hannunka za ta kwanta. Sai ka miƙa zaren daga kai zuwa kai ta cikin bakan. In ya ratsa ta tsakiyar mariƙi, ko da jikin itacen ya yi 'yar tafiyar maciji, babu komai. In ya faɗi gefe, baka zai riƙa juyawa a hannunka, sai ka gyara da zafi ko ka rage tsawon ta inda ya karkace.

Gindin itace ya fi kai kauri, saboda haka can ne aikin gizago yake. Gindin shi ne ɓarin ƙasa. Ka sassaƙe shi ta ciki da gefe biyu har ya yi kama da ɗan'uwansa. Da sun yi kama, ka ajiye gizago, kada ka sake ɗaukarsa. Sauran aikin na kankara ne.

Yanzu haka bakan yana kan cinyata. Ya yi baƙi wuluk saboda mai da hayaƙi, mariƙin ya lotsa daidai yatsun Baba, kuma in ka bi bayansa da yatsa za ka ji ƙananan tudu guda uku inda ƙaya ta taɓa fitowa. Ya ce ya girmi mahaifina.

Abu Yasir:
Subhanallah. Abin da Baba ya faɗa kan baya da ƙulli da zare, kalma da kalma shi ne abin da malaminmu na nan yake koyarwa. Na janye maganar faɗi in dai itacen dargaza ne ko ɗunɗu. Amma ina nan kan bakata a wuri ɗaya: wajen daidaita lanƙwasa, Malam Auwal ya yi amfani da sikeli da bango. Baba yana da shekara 60 na gwaji a hannunsa, Auwal ba shi da su.

Ka kafa ɗan katako a bango daidai ƙirjinka wanda mariƙi zai zauna a kai, bayan bakan yana kallon sama. Ka ɗaura doguwar igiya sako-sako daga kai zuwa kai. Ka rataya sikelin ƙugiya a tsakiyar igiyar, ka ja ƙasa, wani ya ɗauki hoto daga nesa, ko ka sa igiya ta bi ta ƙarfe a ƙasa ka ja kana tsaye taku biyar baya. Ka shata layuka a bangon da alli don ido ya samu abin gwadawa. Ka yanke nauyin da kake so tun farko, a ce kilo 16 zuwa 18, kuma kada ka taɓa ja ya wuce wannan ko sau ɗaya. Inda ka ga ya miƙe ba ya lanƙwasa, ka shafa fensir ka kankare. Inda ya fi lanƙwasa, ka rubuta masa alama kada ka taɓa shi, ka rage sauran su zo su same shi. Bayan kowace kankara ka ja shi a hankali sau 20 ko 30 kafin ka sake dubawa, domin itace ba ya nuna abin da ka yi masa nan take. Sai ya lanƙwasa daidai sannan ka sa gajeriyar tsarkiya, tazararta da mariƙi kamar dunƙulen hannu da babban yatsa a tsaye ga dogon baka, ƙasa da haka ga gajere.

Jikan Sarkin Baka:
Baba ya ce bai ƙi ba. Shi inuwa yake dubawa: ya sa ƙafa a mariƙi da hantsi, ya ja, ya kalli inuwar a ƙasa. Ya ce bango da inuwa duk ɗaya ne, in dai mutum zai tsaya ya duba. Abin kankara kuma fasasshiyar kwalba, abin da take cirewa kamar gashin masara ne. In ka ga ɓarɓashi mai kauri, ka yi yawa. Yana yin kwana bakwai zuwa goma a wannan mataki, kaɗan da safe kaɗan da yamma. Ƙarshe ya goge da ganyen ɓaure mai kaushi, ya murje da ƙashi ko gindin kwalba har ya yi sheƙi, ya shafa man kaɗe ya ajiye a ɗumi ya sha, sau uku.

Maman Hafsa:
Ina bin wannan zance tun jiya, ni malamar tarihi ce a sakandare, kuma raina ya sosu. Muna koya wa yara yaƙin Tabkin Kwatto na watan Yunin 1804, inda jama'ar Shehu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, da dawakai 'yan kaɗan, suka karya rundunar Yunfa mai dawakai da lifidi, kuma 'yan baka ne ƙashin bayan wannan nasara. Muna koya musu Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci sojan Turawa kibiya ce ta kashe shi a wurin. Lugga (Lugard) kansa an taɓa harbinsa da kibiya a ka a ƙasar Borgu a 1894. Amma a aji na mutum 60 babu yaro ɗaya da ya taɓa riƙe baka na gaske, ni ma da nake koyarwa sai yau na san yana da baya da ciki. Jikan Baba, don Allah ka naɗi muryarsa, kada ka tsaya a rubutu.

Abu Yasir:
Gaskiya ne Malama. Na je gidan tarihi na jirgin Mary Rose a Portsmouth, jirgin da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982. An samu baka fiye da 130 lafiyayyu a cikinsa, kuma daga su ne masu sassaƙa na yau suka gane ainihin kauri da tsawon bakan kakanninsu. Na tsaya gaban gilashin na daɗe. Za ka ga farin itace a baya, ja a ciki, an bi kowane ƙulli an bar masa tudunsa, yadda Baba ya ce. Haka mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ya haura shekara 5,000, an same shi da baka mai tsawon mita 1.82 wanda bai gama sassaƙawa ba, sawun sara na nan a jikinsa. Mu namu masu sanin suna raye, tambaya kawai za mu yi.

Malam Mai Almajirai:
Kuma abin yana da asali a addini. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara ƙarfin da Alƙur'ani ya ce a tanada da cewa harbi ne, ya maimaita sau uku. A Uhudu maharba 50 ya ajiye a kan dutse ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair. Koya wa yara wannan abu ne mai kyau, da sharaɗin babba yana tsaye kuma ba a nuna wa mutum kibiya ko da wasa.

Matashi 07:
Don Allah a tambayar mana Baba yadda ake haɗa dafin kibiya. Na ji ana cewa da kwankwani ake yi.

Jikan Sarkin Baka:
Baba ya ce a'a. Ya ce ni da nake jikansa ma bai ba ni ba, kuma ya ga abin da ya yi wa wani yaro da ya taka kibiya a ɗakin ubansa. Mai harbin buhun ƙaiƙayi ba ya bukatarsa.

Mai kula da zaure:
Maganar dafi ta tsaya nan. Duk wanda ya sake kawo ta zan goge.

Ma'aikacin Gandun Daji:
Roƙona ɗaya. Kada mutum 50 su karanta wannan su fantsama daji da adda. Ɗunɗu ba shi da matsala sosai, yana tsirowa daga saiwa, manoma ma kuka suke da shi a saura. Dargaza kuwa ta yi ƙaranci a wurare da yawa da na sani. In za ka sara, ka ɗauki ɗaya daga cikin kututture mai 'ya'ya da yawa, ka yanke sama da ƙasa kaɗan a karkace don ta sake tohowa. In gandun gwamnati ne ka nemi izini, in gonar wani ce ka tambayi mai ita.

Auwal Kafinta:
In sha Allahu. Saura tsarkiya da kibiya. Ni igiyar shanya na yi amfani da ita.

Ɗan Maradi:
Igiyar shanya tana miƙewa, tana cinye ƙarfin bakan. Mu fata muke yi, ta akuya ko ta gada, a yanke ta siririya a zagaye tun daga gefe har tsakiya ta fito doguwa guda, a jiƙa, a murɗe, a rataya mata dutse ta bushe a miƙe. Aibinta guda, in ta sha raɓa tana saki. In ba ka samu ba, zaren da masu ɗinkin takalmi ke aiki da shi, ka haɗa silli da yawa ka murɗe da kaki. Ka gwada ta da nauyin da ya ninka na bakan sau huɗu kafin ka ɗaura, don in tsarkiya ta tsinke ana cikin ja, bakan na iya tafiya tare da ita. Haka in ka saki tsarkiya babu kibiya.

Jikan Sarkin Baka:
Baba ya ƙara da cewa kada ka yi wa bayan baka tsaga don tsarkiya ta zauna. Ka naɗa 'yar fata jiƙaƙƙiya a kan, in ta bushe ta zama matokari. Kibiya kuma kyauro ne, wanda ya ƙosa, a miƙar da shi a kan garwashi. Maƙeri ya yi maka kai, ka naɗe bakin kyauron da jijiyar dabba kafin ka cusa ƙarfen, ka naɗe gindin ma ƙasa da inda tsarkiya ke shiga, in ba haka ba tsarkiya za ta tsaga shi ya shige maka hannu. Namu ba su da gashin tsuntsu, nauyin ƙarfen gaba ne ke miƙar da su. In ka gama harbi ka sassauta tsarkiya, kada baka ya kwana a ɗaure. Da sanyin asuba kuma ka murza shi da tafin hannu ya yi ɗumi, ka ja kaɗan-kaɗan kafin ka cika.

Auwal Kafinta:
Jama'a, na dawo bayan wata bakwai. Na samu ɗunɗu guda biyu a saurar wani abokin mahaifina. Ɗaya na bi hanyar Baba, ɗaya ta Ɗan Maradi. Na Ɗan Maradi ya riga bushewa, shi na fara. Tsawonsa inci 56, ina jansa inci 23, sikeli ya nuna kilo 17. Kwana 12 na yi ina kankara da kwalba a gaban bangon shago. A rana ta biyar na ga gwiwa tana son fitowa a ɓarin sama, na zagaye ta da jan fensir na bar ta, na rage sauran, ta ɓace. Na harba kibiya ta fi 200 zuwa yau a buhun ƙaiƙayi, taku 15.

Abu ɗaya ya dame ni. In na kwance tsarkiya ba ya komawa miƙe sarai, yana riƙe lanƙwasa kamar yatsa biyu in na jingina shi da bango. Ya lalace ne?

Abu Yasir:
Masha Allah! Yatsa biyu ba komai ba ne, nawa na farko ya fi haka. Damina ce, itacen ya sha damshi. Kada ka yi ƙoƙarin lanƙwasa shi baya don ya miƙe. Turo mana hotonsa a cikakken ja, daga gefe.

Jikan Sarkin Baka:
Na karanta wa Baba. Ya ce Allah ya yi wa Auwalu albarka. Ya ce ka duba cikin ɓarin ƙasa da hasken rana a karkace, in ka ga ƙananan layuka sun gitta kamar zanen farce ka faɗa masa, in babu ka ci gaba da harbi. Na biyun da ke rataye kuma ka bar shi sai ruwa ya ɗauke. Ya ce in kana da hali ka zo da shi ƙauye bayan girbi, yana so ya taɓa shi da hannunsa kafin ka sa masa gizago.

Auwal Kafinta:
Na duba yanzu a bakin ƙofa, babu layi ko ɗaya. Zan zo in Allah ya kai mu. Jikan Baba, na tura maka saƙo ta akwatinka, ka kwatanta mini hanya da ranar kasuwarku.